Yadda Ake Zaɓen Injin Walda na Farko Don Gyaran Mota a Gida

Duk mai tsohuwar mota a Yamai ya san hanyar rumfar mai walda. Yau mariƙin bututun hayaƙi ya tsinke, gobe ƙofa ta sauka ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, jibi ƙafar kujerar direba ta tsage. Aikin da bai wuce minti goma ba sai ya ci maka wuni guda, kana zaune a kan benci kana jiran a gama da ƙofar gidan wani. Daga nan mutum ke fara tunanin sayen nasa injin. Tunani ne mai kyau, ina kuma goyon bayansa. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake zaɓen: mutum ya shiga kasuwa, ya ga kwali an rubuta amper 300 ko 400, wato ma'aunin wutar da injin ke fitarwa, da manyan baƙaƙe, ya ce wannan ne mai ƙarfi, ya biya. Alhali ƙarfen mota siriri ne. Injin da ya dace da shi shi ne wanda ke iya rage wuta ƙasa sosai ba tare da tana yankewa ba, wanda wutar gidanka za ta iya ɗauka, kuma za ka sami kayan aikinsa a nan cikin gari.

Mataki na 1: Shiga ƙarƙashin motar kafin ka shiga kasuwa

Ɗauki tocila da tabarma ka duba motarka daga gaba zuwa baya. A ƙasa mai tauri, birkin hannu a ja, kuma kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Rubuta duk abin da ke son walda yau, da wanda ka kai aka yi maka a bana.

Ɓarnar motocinmu kashi biyu ce. Ta farko tsagewa. Ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta saurin cin mota a nan, amma hanyar jan ƙasa mai gargada da lodi fiye da ƙima suna girgiza ƙarfe har ya gaji ya tsage a bakin ƙusa ko a gindin mariƙi. Ta biyu tsatsa, wadda galibi motar ta zo da abarta daga Turai. Can ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin ya ci ƙasan motar, ta shigo ta Kwatano ko Lome fenti na ƙyalli a sama, ƙasa kuwa ya ruɓe. Mai fama da tsagewa da mai fama da ruɓewa ba inji ɗaya suke buƙata ba.

Dalili shi ne kaurin ƙarfen. Tol, wato siririn ƙarfen jikin ƙaramar mota irin na ƙofa, murfin inji da ƙasan da ake takawa, yawanci tsakanin milimita 0.7 ne zuwa 1. Bututun hayaƙi wajen milimita 1.5, kuma idan ya tsufa ya fi haka sirantaka. Shasin mota irin Hilux ko Land Cruiser, mariƙai da ƙarfen ɗaukar kaya na saman mota, daga milimita 2 zuwa 4 ko fiye. Lissafin da masu walda ke yi a ka shi ne wajen amper 40 ga kowane milimita ɗaya. Ke nan tol mai milimita 0.8 na son amper 30 da ɗoriya, ƙarfe mai milimita 3 na son wajen 120. Ka ga babu inda 300 ta shigo. Injin da ke kai 140 ko 160 na gaskiya ya ishe ka har ya yi saura. Lambar da za ka fi damuwa da ita ita ce ta ƙasa: har ina yake sauka?

Mataki na 2: Zaɓi irin waldar

Waldar baget, wato ta ɗan sandan ƙarfe da ke narkewa, ita ce kowa ya sani, ita ake ƙera ƙofofi da tagogi da ita a kowace unguwa. A jikin injin za ka ga an rubuta MMA. Ita ce mafi araha, ba ta son gas, iska ba ta dame ta ba, kuma baget mai lamba 6013 ana samunsa a kusan kowane shagon kayan gini. Baget mai milimita 2.5 yana aiki tsakanin amper 60 zuwa 100, mai 3.2 kuma daga wajen 90 zuwa 140. A kan ƙarfen da ya kai milimita 2 zuwa sama, aiki take yi mai kyau. Amma a kan tol ɗin ƙofa, kamar ka ɗinka mayafi da basilla ne: kafin ka haɗa wuri ɗaya ka huda uku. Tsohon gwani mai baget ɗin 1.6 ko 2 yana iya lallaɓawa ya yi, amma shekaru ya kwashe kafin hannunsa ya kai haka, kai kuwa yau za ka fara.

Waldar waya, wadda ake rubuta MIG ko MAG, ita ce ta gyaran jikin mota. A cikin injin akwai naɗin siririyar waya, ka danna kunamar bindigar sai wayar ta riƙa fitowa da kanta, gas kuma na fita tare da ita yana kare narkakken ƙarfen daga iska. Da waya mai milimita 0.6 ko 0.8 za ka iya ɗiga walda ɗigo-ɗigo a kan tol ba tare da ka ƙone shi ba. Ba ta barin ɓawon da sai an ƙwanƙwasa, kana ganin abin da kake yi, kuma ta fi kowace saurin koyo. Tsadarta da wahalarta suna wajen gas, za mu zo kansa.

Akwai kuma waya mai garin magani a cikinta, wadda ba ta buƙatar gas. Masu sayarwa na son tallata ta saboda injinta araha ne. Gaskiyarta ita ce tana da zafi fiye da mai gas, tana fantsama, tana hayaƙi, tana barin ɓawo. A kan bututun hayaƙi da mariƙai tana da amfani ƙwarai, musamman a tsakar gida lokacin hunturu da iska ke kaɗawa. A kan tol mai milimita 0.8 kuwa sai da haƙuri mai yawa, kuma aikin ba zai yi kyan na gas ba.

Waldar TIG, wadda ake riƙe bindiga da hannu ɗaya ana cusa ƙarfen cikewa da ɗayan, ka bar ta tukuna. Tana da tsabta, amma tana son gas ɗin argon zalla, hannu biyu masu natsuwa da ƙarfe wankakke tas. Waldar karbur da masu gyaran jikin mota suka daɗe suna yi ita ma ba zan ba ka shawarar kai ta gida ba: zafinta na bazuwa ya lanƙwasa tol, kuma tukunyar da ke dafa karbur ba abin ajiyewa ba ce a gidan da yara ke wasa.

Ga hukuncina. Idan takardar da ka rubuta a mataki na farko mariƙai ne, shasi, ƙarfen kaya da ɗan gyaran ƙofar gida, sayi ƙaramin injin baget ka huta. Idan akwai faci a jikin mota ko ruɓaɓɓen ƙasa a ciki, nemi injin waya wanda ke aiki da gas kuma yana aiki ba gas. Da yawa daga cikin irin waɗannan suna da wurin jona baget ma, ka ga inji ɗaya ya yi maka aiki uku. Alamar da za ka gane shi ita ce ana iya sauya wayoyin fitar wutarsa: da gas, bindiga na kan alamar ƙari, da waya mai magani, bindiga na komawa kan alamar ragi. Injin da ba a iya yi masa wannan sauyi, aiki ɗaya kawai ya iya da kyau.

Mataki na 3: Auna wutar gidanka

Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki bayan sun riga sun biya. Kuran ɗin gida a Nijar volt 220 ne, to injin da za ka saya ya zama na waya biyu na gida, ba na layi uku irin na manyan gareji ba. Idan wani ya aiko maka da inji daga Amurka, duba da kyau, don da yawa na can volt 110 zuwa 120 ne.

Je ka wurin mitar NIGELEC ta gidanka ka karanta amper nawa ne a kan dijanktar, abin nan da ke faɗuwa ya yanke wuta in an yi masa nauyi. A ce 15 ne. Sau 220, wat 3300 ke nan, kuma firiji da fanka da talabijin duk a ciki suke ci. Sai ka riƙe wannan lambar ka gwada ta da ta jikin injin. Abin daɗin shi ne aikin tol ba ya jan wuta: injin waya a kan amper 50 ko 60 ƙaramar mita ma tana ɗaukarsa. Baget mai 3.2 a kan amper 120 ne ke kayar da dijanktar yana sa ƙwan maƙwabta lumshewa.

Injuna iri biyu ne ta fuskar cikinsu. Akwai na da, mai taransifoma, wanda sai mutum biyu sun ɗaga, ciki har da ƙirar gida da ake naɗawa da hannu. Yana jure ƙura da zafi da duka, in ya ƙone ana sake naɗa shi, amma yana zuƙar wuta kuma ba ya sauka ƙasa yadda aikin mota ke so. Akwai kuma inbata, marar nauyi, mai kayan lantarki a ciki. Ita ce ba ta cin wuta sosai, wutarta a daidaite take, kuma ita nake ba mai farawa shawara. Maƙiyanta biyu ne, dukansu muna da su a Yamai: ƙura da wuta mai hawa da sauka. Ƙura na shiga ta fanka ta kwanta a kan allon lantarkin, musamman garin ƙarfen da ke tashi in kana gurza kusa da ita. Saboda haka kada ka ajiye ta a ƙasa kan rairayi, ka rufe ta in ba ta aiki, ka riƙa hure ta da iska lokaci-lokaci bayan ka cire ta daga wuta.

Lokacin zafi, da yamma, sa'ad da kowa ya kunna abin sanyaya ɗaki, wuta na raguwa a unguwanni da yawa. Ka sami mai gyaran wuta ya auna maka volt nawa ke isowa soket ɗinka da safe da kuma da yamma, sannan ka nemi injin da takardarsa ta ce yana jure raguwar wuta har zuwa abin da aka auna. In kana tunanin aiki da gurup, wato janareta, idan an ɗauke wuta, ɗan ƙaramin nan na kunna fitila da fanka ba zai yi ba, kuma shi ne ke saurin kashe inbata. Injin amper 140 zuwa 160 na son gurup mai kVA 6 ko 7 da ke da abin daidaita volt. Ka tada gurup ɗin ya zauna kafin ka kunna injin, ka kashe injin kafin ka kashe gurup.

Doguwar wayar jona wuta kuma ta zama ta tagulla mai kaurin milimita murabba'i 2.5 aƙalla, in tana da tsawo sosai 4, kuma a warware ta duka. Wayar da aka bari a naɗe zafi take yi har ta narke.

Mataki na 4: Nemi gas da waya kafin ka nemi inji

Idan injin waya ka zaɓa, kada ka ba da ko dala sai ka san inda za ka cika tukunya. Gas iri biyu ke aiki a kan ƙarfen mota: CO2 zalla, wanda ya fi araha amma ya fi fantsama, da gaurayen argon wajen kashi 80 da CO2 wajen kashi 20, wanda ya fi laushi a kan tol. Argon zalla ba na wannan aikin ba ne. Gas ɗin girki da iskar oksijin kuwa ko kusa kada su zo.

Je ka wurin garejin da ke aiki da irin wannan inji, ka gaida maigidan da kyau, ka ce: "Baba, don Allah a ina kuke cika tukunyarku, kuma sayen tukunyar ake yi ko haya?" Masu cika tukwanen kashe gobara ma suna harka da CO2, ba laifi ka tambaye su. Ka tambayi kuɗin tukunyar da na agogon rage ƙarfin gas, don su biyun na iya kusan kamo kuɗin injin. Gudun gas na lita 8 zuwa 12 a minti ya isa, muddin ka tare iska da katako ko tabarma, amma ba a rufaffen ɗaki ba.

Haka wayar. Naɗin na zuwa kilo 1, kilo 5 da kilo 15. Injin da kilo 1 kawai ke shiga cikinsa zai riƙa cin kuɗinka, nemi mai ɗaukar kilo 5. Ɗan bakin tagullar da waya ke fita ta cikinsa yana cinyewa, to ka tabbata irin wanda ake samu ne a kasuwa. Bindigar da ake kwancewa daga jikin inji, mai mahaɗin da ake kira Euro, ta fi wadda aka dasa a ciki, don in ta lalace sai ka sauya ta kawai.

Mataki na 5: Karanta ɗan allon bayan injin, ba kwalin ba

A baya ko a ƙasan kowane injin kirki akwai ɗan allo mai layuka. Nemi harafin X da kashi cikin ɗari a gabansa. Yana gaya maka minti nawa cikin goma injin zai yi aiki kafin ya nemi hutu. Idan an rubuta 60% a kan amper 100, minti shida aiki ke nan, huɗu hutu. Ƙa'idar duniya mai lamba 60974-1 ta ce a yi wannan gwajin a zafin digiri 40. Wasu masu araha a wuri mai sanyi suke gwada nasu don lambar ta yi kyau. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin Yamai na wuce digiri 40 a inuwa, saboda haka wannan lambar ta shafe mu fiye da mutanen da suka ƙera injin. Duk da haka kada ka tsorata: waldar mota gajere-gajere ce, kashi 30 ko 35 a kan amper 130 ya wadatar.

Sai ka duba I1max da I1eff, su ne abin da injin ke ja daga bango, su za ka gwada da dijanktar ɗinka. Kuma nan ƙarya ke fitowa: injin da ya ce yana ba da amper 400 amma siririyar wayar bango yake da ita irin ta dutsen guga, ba zai ba da ko rabin haka ba. Daga ƙarshe duba mafi ƙarancin amper ɗinsa. In ya sauka 30 ko ƙasa, madalla. In daga 50 ko 60 ya fara, ba na jikin mota ba ne.

Mataki na 6: A gwada shi a gabanka

Kasuwar Katako da shagunan kayan aiki na cikin gari nan ne za ka zagaya, kuma kada ka tsaya a shago ɗaya. Tafi da gutsuren tsohon tol na mota da ɗan ƙarfe mai kauri a leda. In da hali ka ɗauki mai walda da ka yarda da shi, ka biya shi ladan rakiya, kuɗin ba asara ba ne. Ka ce wa mai shago: "Alhaji, a jona mana shi mu gani." Wanda ya ƙi a gwada, ka yi masa godiya ka wuce.

A sauke wutar ƙasa a gwada a kan tol ɗin. Waya ta riƙa fita sumul ba tana tsayawa tana fizga ba, ƙarar kuma ta zama ɗaya ba mai yankewa ba. Buɗe murfin gefe ka ga abin da ke tura wayar: na ƙarfe ya fi na roba daɗewa. Ɗaga wayar mas, wato wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake wa walda, ka ji nauyinta, ka leƙa bakinta. Masu araha da yawa alminiyom ne aka shafa masa ruwan tagulla, in ka kankare sai ka ga fari. Ba zai hana ka saye ba, amma ka san za ka sauya ta, sai ka nemi ragi. Tambayi wa ke gyara irin injin a gari, a kuma rubuta maka garanti a kan rasit, ba da baki ba. Na hannu da ya zo daga Turai yakan fi sabo marar suna inganci, in dai an gwada ya yi aiki na ɗan lokaci bai ɗauke ba. Araha ba ta ado.

Mataki na 7: Rage kuɗin sauran kaya

Kada ka zuba duk kuɗinka a inji. Hular walda mai gilashin da ke duhu da kansa, lamba 9 zuwa 13, ita ce ta farko. Baƙin tabarau da muke gani a bakin titi ba ya kare ido ko fuska, kuma wanda hasken walda ya taɓa kwana da shi a ido ya san azabar. Sai safar hannu ta fata, riga mai dogon hannu ta auduga ba ta leda ba, rufaffen takalmi, ƙaramin injin yanka da gurza ƙarfe tare da farin tabarau nasa, burushin ƙarfe, matsai biyu ko uku, da tukunyar kashe gobara. Bokitin rairayi ma ya kasance kusa.

Mataki na 8: Kafin tartsatsi na farko ya taɓa motar

Ka fara a kan tsohuwar ƙofar mota da ka sayo wajen masu kayan ƙarafa. Yanka, ka haɗa, ka sa a matsi ka lanƙwasa har ya karye. In waldar ce ta ɓalle, da sauranka. In ƙarfen gefenta ne ya yage, ka fara kamawa. A kan tol ba a jan dogon layi: ɗigo ɗaya nan, ɗaya can nesa, ka bari ya huce, ka dawo tsakani har ɗigon su haɗe. Idan rami kake cikewa, danna gutsuren tagulla a bayansa, walda ba ta manne masa. Idan tsaga ce, huda ɗan rami a kowane ƙarshenta kafin ka fara, in ba haka ba za ta ci gaba da tafiya ta gefen waldar.

Ranar da za ka taɓa motar, cire kan batir na ragi tukuna. Gurje fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ka maƙala mas ɗin kusa da inda za ka yi aiki, don wuta kada ta zagaya ta cikin wayoyi da kwamfutar motar. Leƙa bayan wurin: akwai kafet, soso, wayoyi, bututun mai ko na birki? Cire su ko ka kare su. Kada ka wanke wurin da maganin wanke birki na feshi, don wasu irinsa in zafin walda ya taɓa su guba suke fitarwa mai kisa. Ƙarfen da aka shafa wa tutiya ma hayaƙinsa na sa zazzaɓi, ka gurje shi ka yi aikin a sarari. Ka kori yara daga wurin, hasken na cutar da idonsu ko daga nesa. Bayan ka gama ka zauna kusa da motar rabin awa, don wuta na iya cin soso a ɓoye.

Akwai wuraren da ba na mai koyo ba ne ko da injinsa ya fi na kowa: tankin mai, ko da an ce an wanke shi, ƙarafan sitiyari da na birki, hannuwan da ke riƙe ƙafar mota, ƙarfen taya alhali tayar na jiki, da inda bel ɗin kujera ke ɗaure. Ginshiƙan sababbin motoci da wani ƙarfe na musamman ake yin su wanda zafi ke raunana shi, motoci masu haɗa mai da batir kuma suna ɗauke da wuta mai ƙarfin da ke kisa. Waɗannan ka kai wa gwani, ko ka sayi wani ƙarfen ka sauya. Kai ka fara da mariƙin bututun hayaƙi da ƙafar kujera, in sun yi wata uku a kan hanyar gargada ba su saki ba, sai ka matsa zuwa facin ƙasan mota.